Labbo Mai Tattalin Numfashi

Duk wanda ya zauna Bungudu a zamaninmu ya san gaisuwar Labbo. In ka yi masa sallama zai amsa, don wannan wajibi ne, kuma ba ya wasa da wajibi. Daga nan kuma sai ka yi ta kanka. Ka ce ina kwana, ya ɗaga yatsa ɗaya. Ina gajiya, yatsa. Ina iyali, ina gona, yaya muka ji da ruwan jiya, duk yatsan nan dai, ko hannun ba ya sauyawa. Baƙo yakan ɗauka kurma ne, ya riƙa ƙara murya har maƙwabta su leƙo. Ɗan gari kuwa ya saba, sai ya jero gaisuwarsa shi kaɗai, ya amsa wa kansa da lafiya lau, ya wuce. Ku da kuka san shi kun sha dariyar wannan yatsa, ni ma na sha. Amma kaɗan ne suka san inda abin ya samo asali, kuma mu da muka sani mun kusa ƙarewa, shi ya sa zan faɗa.

Ni Nomau taubashinsa ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka tsokanarsa haƙƙina ne, kuma ban taɓa yafe masa ko kaɗan daga haƙƙin ba. A gidanmu ya tashi. Ubansa shi ne ladanin unguwarmu, mutum mai murya, ya rasu Labbo ko kaciya ba a yi masa ba, uwar kuma ta bi shi daminar gaba. Dama a zuriyarsu maza ba sa kaiwa ga furfura. Ba a doke shi a gidanmu ba, ba a hana shi tuwo ba, amma na sha ganinsa yana jira kowa ya sa hannu a akushi kafin ya sa nasa, kuma ba wanda ya koya masa haka. Da muka girma ya kama tufkar igiya da ɗan noma, ni na kama jakuna da surutu. Har ya auri Hajo mutum ne kamar kowa, yana hira, yana gardama, in an yi abin dariya har hawaye yake yi.

Kasuwar Gusau ce ta ɓata shi. 'Yan shekaru bayan shigowar Nasara muka kai igiya, muka tarar da wani malami baƙo a gindin tsamiya yana wa'azi. A ciki ya ce numfashin kowane ɗan Adam ƙidayayye ne, an rubuta shi tun kafin a haife shi, ranar da ya ja na ƙarshe ko sarki bai isa ya ƙara masa ɗaya ba. Kowa ya girgiza kai, ya yi istigfari, ya koma cinikinsa. Labbo kaɗai ya tsaya baki buɗe, sa'an nan ya yi maza ya rufe. Sai da muka yi rabin hanyar gida ya juyo ya dube ni.

"Nomau, ka ji abin da malamin ga yac ce?"

Na ce, "Na ji. Mu ji tsoron Allah."

"Wannan kowa ya ji shi. Cewa yay yi awo na. To in awo na, ai kamar hatsin rumbu na. Wanda ka ɗiba kaɗan-kaɗan shi ka kaiwa kaka."

Na ce, "Kai Labbo, malamin bai ce haka ba."

"Bai ce ba don bai yi tunani ba. Babana kullum shina hawa katanga shina zubad da nashi. Ina shike yanzu?"

Na yi dariya har jakina ya waiwayo. Na ɗauka kafin mu isa gida ya manta. Da kuwa ya manta ɗin, in ba don a cikin watan Hajo ta haihu ba. Kafin wannan sun binne 'ya'ya tun suna cikin zanen goyo, har an daina yi musu barka da ƙarfi. Wannan kuwa ta zo da ƙiba da kuka mai cika gida, aka sa mata Kulu. Ranar suna ya ja ni bayan rumbu.

"Wagga ba ta jiran kowa shi sa hannu a akushi," in ji shi. "Sai na gan ta da nata ɗiya kahin in tahi."

Tun daga ranar ya shiga tattali. Ya bar hira, ya bar gardama, ya bar waƙar noma. Kunyar da wani zai nome kafin hantsi, shi sai azahar, don kada ya yi haki. Atishawa in ta taso masa sai ya danne hanci har idonsa ya yi ja. In ya ji wani ya yi ajiyar zuciya sai ya dube shi kamar ya ga an zubar da nono a ƙasa. Kunu kuwa ba ya hurawa, sai ya ajiye ya zuba masa ido har ya huce don kansa.

Wata damina muka kai kaya Tsafe, ruwa ya tare mu kusa da Kucheri, muka fake a wata bukka da makiyaya suka bari. Mun jiƙe sharkaf, itacen da ke ciki ma ɗanye. Na buga ƙyastu da ƙyar, na kifa ciki ina hurawa, hayaƙi na shiga idona, ina tari ina hawaye. Na ɗago na ga Labbo ya jingina da mangala ya lumshe ido.

Na ce, "Zo ka karɓe ni."

"Ci gaba, ta kusa."

Na ci gaba, ta mutu, na sake. Lokacin da wuta ta kama ƙirjina kamar an yi mini duka, shi kuwa har ya matso ya tura masararsa a wurin da ya fi garwashi.

Na ce, "Don Allah Labbo, ni nawa ba ƙidayayye ba na?"

Ya juya masarar yana auna ko amsar ta cancanci abin da za ta ci masa. Can ya ce, "Ƙidayayye na. Amma na lura kai ba ka da niyyar daɗewa."

Washegari Allah ya rama mini. Mun fito muna bin burtali sai ga bijimin wani Bafulatani ya ɓalle daga garke, makiyayin na can baya yana ihu a gudu. Jakuna suka watse, ni na ɗare kan wata kaɗanya da ban san na iya hawanta ba. Labbo ya waiwaya, ya ga sa, ya ci gaba da tafiyarsa ta kullum, taku ɗai-ɗai. San ya sa ƙaho ya ɗauke shi ta riga ya ajiye cikin shingen ƙaya, ya wuce abinsa. Ni na kwantar da shi rub da ciki ina cire masa ƙaya a inda ba a faɗa, dariya na neman kashe ni. Sai da na gama ya yi magana.

"Ka yi gudu, ka yi kuwwa, ka hau icce, ga shi kana dariya. Ni ƙaya kaɗai nis samu, ita kau ciro ta aka yi. Diba ka gani wa yaf fi asara."

Wadda ta fi kowa shan wahalar tattalin nan Hajo ce. Mace ce mai son in ta yi faɗa a amsa mata, ko da baƙar magana ce. Sai ta yi ta yi tun daga tsakar gida har ƙofar ɗaki, ta juyo ta ga yatsa. Kulu na 'yar shekara huɗu ko kusa, Hajo ta ce ta gaji da faɗa ita kaɗai, ta goya 'yarta ta yi yaji. Danginta mutanen Kwatarkwashi ne, kuma a lokacin gidansu na can saman dutse. Kwana biyu Labbo bai ci tuwo ba, na uku ya zo ya tsaya a ƙofar gidana da damin rama a hammata. Bai ce kome ba, na gane biko za mu, kuma ni ne bakin.

Da muka isa gindin dutsen ya ɗaga kai ya dubi hawan, ya nemi inuwa, ya zauna ya fara tufka.

Na ce, "Tashi mana."

"Hau ka hwaɗa masu na zo."

Na hau ina zagin ranar da aka haɗa ni zumunta da shi. Uban Hajo ya dubi bayana ya ce, "Ina mijin?"

"Shina ƙasa, Baba."

"Mi yas same shi?"

"Ba kome. Tattali shika yi."

Daga cikin ɗaki Hajo ta ce, "In shina sona, shi hau." Na sauko na faɗa masa ina haki. Ya ce in matsa can in huta, kallona ma gajiyar da shi yake yi. Na koma sama da amsar yatsa, na sake saukowa da amsar da ba zan maimaita ba. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka gane abin da ake ciki, suka riƙa wucewa ta gabansa da gangan suna gaishe shi. Har la'asar ta yi yana zaune, igiyarsa ta isa ɗaure jaki uku.

Sai muka ji wata 'yar murya daga sama tana cewa Baba. Kulu ce. Ta hango shi, ta sulale daga gida ba wanda ya gani, kuma ba ta bi hanyar mutane ba, ta miƙo kai tsaye ta kan wani falalen dutse mai santsi da ke gangarowa zuwa rami. Ban ga tashinsa ba. Na dai ga igiya a ƙasa, na ga mutum yana haye dutse da hannu da ƙafa, yana kiran sunanta da muryar ubansa, muryar da na manta yana da ita. Ya cafke ta tana dab da bakin ramin. Lokacin da na isa yana zaune ya rungume ta, ƙirjinsa na sama da ƙasa, gwiwarsa na jini.

Na ce, "To fa. Yau an yi asarar wata guda."

Bai ɗaga yatsa ba. Ya ce, "Ba asara ba ta. Dama don ita nika tarawa."

Hajo na tsaye a sama ta ga kome. Ta ce tunda ya hau shi ke nan, ta ɗauko ƙunshinta muka koma gida. Bayan wannan ne na lura da wani abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba yana raye, don kada in ɓata masa suna. Kowace safiya shi yake ba Kulu kunu, kuma ludayi bayan ludayi sai ya hura mata. Nasa na gefe yana hucewa don kansa. Yarinyar ta tashi da wayo da tsokana, in ya hura sai ta ce, "Baba, kana ɓarna," ya ce ta sha ta yi shiru.

Limaminmu ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kansa. Da ladanin da ya gaji uban Labbo ya tsufa, aka ce Labbo ya karɓa tunda muryar gado ce, ya ƙi. Liman ya zaunar da shi a zaure tun bayan azahar, ya jawo aya, ya jawo hadisi, ya nuna masa ajali ba ya jinkiri don mutum ya yi shiru, ba ya gaggawa don ya yi magana. Ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Labbo ya saurara da ladabi, kai a ƙasa. Da Liman ya tsaya shan ruwa sai ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji. Huta hakanan, kada naka shi ƙare kaina." Aka ba wani ladanci.

Nan dariyar ta ƙare, kuma da ina da iko da nan zan tsaya.

Shekarar da aka ce yaƙin Nasara ya ƙare, bayan an gama girbi, ciwon ƙirjin nan ya shigo. Mun fara jin labarinsa daga Gusau, kafin mu gama jajantawa ya iso mu. Mutum ya kwanta da zazzaɓi da tari, kwana kaɗan ka ji yana jan numfashi kamar zuga-zugin da ya huje, daga nan sai shiru. Ba tsofaffi ya fi ɗauka ba, majiya ƙarfi ya fi ɗauka. Likkafani ya ƙare a gari, aka koma zane. Masu haƙa kabari suka kwanta, aka rasa mai haƙa musu. Sabon ladanin ya rasu, aka yi kwanaki ba a kira salla a unguwarmu ba. Ni da ba ni da niyyar daɗewa na kwanta, na ga lahira da idona, na tashi. Hajo ta kwanta ba ta tashi ba. Ana dawowa daga binne ta aka tarar Kulu na rawar sanyi. Labbo kuwa ko atishawa bai yi ba.

Ina dogara sanda na raka shi wurin Liman, wanda shi ma yana kwance a zaure an lulluɓe shi. Labbo ya durƙusa. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba tun ranar Gusau.

"Allah gafarta Malam, abin da mutum yat tara da guminai, shina iya ba wanda yag ga dama?"

"Shina iyawa. Mi kat tara?"

"Lumfashi. Shekara da shekaru, ban taɓa shi ba sai kaɗan. Nata ya kusa ƙarewa, ina jin shi. A ɗiba nawa a ba ta. Ko duka."

Liman ya ja mayafi ya rufe fuska. Daga ciki ya ce, "Labbo, na sha hwaɗa maka ba haka abin shike ba."

"Na sani. Amma ka sake dibawa, Malam. Kila akwai wurin da ba ka kai ba."

Liman bai da abin da zai ba shi sai addu'a. Ya karanta masa wata gajera, ya ce ya je ya riƙa tofa mata. Muka koma. Ni na zauna a bakin ƙofa don ƙafata ba ta ɗaukata, shi ya shiga ya ɗora kanta a cinyarsa. Da fari ina jin addu'ar, ina jin tofin. Da rana ta yi tsaka addu'ar ta ɓace, sai hurawa kawai. Yana hura mata a goshi, a tafin hannu, a hanci, a baki, yana ja har haƙarƙarinsa su fito ya juye mata duka, ya sake ja. Ita kuwa numfashinta na ta gajarta. Can ta buɗe ido ta dube shi, ta ɗan motsa baki. Na matso don in ji ko ruwa take so.

Ta ce, "Baba, kana ɓarna."

Kafin la'asar Kulu ta cika. Bai daina hurawa ba sai da na kama kafaɗarsa na janye shi. Ni da shi da wani tsoho muka binne ta kusa da uwarta, don ba wanda ya rage mai ƙarfin ɗaukar magirbi. Da muka gama ya tsaya a kan kabarin ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, irin wadda ya sha hararar mutane a kanta.

Sauran labarin kun san shi, har wasunku sun mai da shi abin ba yara dariya. Ana share makoki Labbo ya fito ya tare wata tsohuwa a hanyar rijiya. Ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi akuyarta, ya tambayi 'ya'yan akuyar, ya tambayi danginta na Tsafe ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ina kwana ya sake farawa. Tsohuwa da tulu a ka har wuyanta ya sage. Cikin wata guda mutanen da suka yi shekaru suna roƙon ya amsa musu gaisuwa suka koma sauya hanya in sun hango shi. Da safe yakan bi gida-gida yana sallama, yana tambaya ko akwai mai wutar da ta ƙi kamawa. Ya je maƙera ya ce a ajiye zuga-zugi shi zai hura, maƙeri ya kore shi da guduma a hannu. Ya je wurin Liman ya karɓi ladancin da ya ƙi. Kiran azahar ɗinsa, in ya fara kana gona, za ka iso gida, ka yi alwala, ka ƙaraso masallaci bai sauke ba. Liman ya roƙe shi ya rage.

"Malam, da ka ce in yi na ƙiya. Yanzu ina yi kana cewa in rage. Wanne za ni kamawa?"

Abu ɗaya ne ya gagare shi, dariya. Yakan zo inda ake hira ya zauna da niyyar ya yi, na ga yana ƙoƙari, ta ƙi fitowa. Na yi masa duk tsokanar da na iya, na tuna masa ƙayar Kucheri, sai ya dube ni ya ce madalla.

Wata rana aka ce mini kowane mako yana tafiya Kwatarkwashi da ƙafa, ya hau dutse ya sauko, ya sake hawa, alhali dangin Hajo da suka tsira duk sun sauko ƙasa. Na bi shi. Na same shi zaune a kan falalen dutsen nan inda ya cafke Kulu, yana haki, gumi har ƙasa.

Na ce, "Labbo, so kake ka halaka kanka?"

"Subhanallahi, Nomau. Haramun na. Ni ba raina nika taɓawa ba. Abin da nit tara kaɗai nika ɗiba, tunda mai shi ba ta nan." Ya jira hakin ya lafa. "Ashe da yawa nit tara. Kullum ina ɗiba da hannu biyu, rumbun ya ƙi nuna gindi."

Na so in ce masa ba haka abin yake ba, kamar yadda Liman ya sha faɗa. Amma me zan ba shi a madadinsa? In na ƙwace masa wannan lissafin, abin da zai rage masa shi ne ya yi shekaru yana hana kansa hira da matarsa a banza. Na bar shi da abinsa. Kuma gaskiya ni kaina tun shekarar nan ban ƙara yarda cewa mutum na shirya wani abu ya same shi yadda ya shirya ba. Na yi ta ɓarna na rayu, yarinyar da ko ciwon kai ba ta cika yi ba ta tafi, wanda ya tara ya rasa inda zai kai. Na san hukuncin Allah ne, ban ja da shi ba. Amma ban ce na gane ba, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Da aka zo aikin hanyar jirgi tsakanin Tsafe da Gusau, ana ɗibar mutane ko suna so ko ba sa so, samari na ɓuya cikin dawa, Labbo da ƙafarsa ya kai kansa. Ya ce a rubuta shi a madadin ɗan wata bazawara. Ya yi ta ɗaukar kwandon ƙasa da gudu har mai tsaron aiki ya riƙa yi masa tsawa ya rage. Samari sun dawo daga aikin nan da ciwo, wasu ba su dawo ba. Shi ya dawo a rame, lafiya ƙalau, kansa fari fat. Shi ne namiji na farko a zuriyarsu da ya yi furfura, abin da ya nema ya samu, ba kuma wanda zai nuna wa.

Daminar da jirgi ya fara isowa Gusau ya kwanta. Ba wani babban ciwo, ƙarfi ne kawai ya ƙare. Na shiga wurinsa da hantsi na yi sallama, ya amsa a hankali. Na ce ina kwana, sai ya ɗaga yatsa ɗaya.

Na ce, "Au, tattalin ya dawo?"

Ya girgiza kai. Da ƙyar ya ce, "Kakkaɓe rumbu nika yi." Fuskarsa a sake, ban ga ta haka ba tun kafin ciwon ƙirjin nan. Ya kai hannu ya shafa kansa, sai na ga damuwa ta shigo masa. Ya yafito ni na sunkuya.

"Nomau, za ta gane ni kuwa? Ba ta san ni da hurhura ba."

Na ce, "In ta gaishe ka, ka ɗaga mata yatsa. Za ta gane."

Sai ya yi dariya. Dariya sosai, irin ta da, wadda ban ji ba tun kafin ranar kasuwar Gusau, har hawaye suka gangaro masa zuwa kunne. Da ta lafa ya yi kalmar shahada a hankali, ya ja ɗaya ya sake. Na zauna ina jiran na gaba har rana ta shigo ɗakin, bai zo ba.

Allah ka jiƙan Labbo ɗan ladan. Ka yafe masa lissafin da ya yi ba daidai ba, ka san don wa ya yi shi. Ka jiƙan Hajo, ka sa ya amsa mata duk abin da ta faɗa. Ka haɗa shi da Kulu, kuma in akwai abin da ake hura wa yara a can, ya Allah, ka bar shi ya hura mata.